Yadda Ya'akubu Mai Washi Ya Raba Aƙiƙin Baba

Ya'akubu ɗan gwaggona ne, ni kuma 'yar kawunsa, wato taubasai muke, don haka tun muna yara nake faɗa masa abin da na ga dama ba mai hana ni. Ina kiransa bawana. Shi kuma in yana cikin mutunci ya ce 'yar kawu, in tsokana yake ji ya ce uwar faɗa. Bana shekararsa hamsin da bakwai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kan yatsunsa duk ya yi kanta, faratansa kuwa dutse ya cinye su tun da daɗewa. Duk wanda ya shiga unguwar Klémat ya tambayi mai yanka dutsen zobe, da Larabci ya tambaya ko da Hausa, ƙofar shagonsa za a nuna masa.

Ba da duwatsu ya fara ba. Mu gidan mahauta ne kaka da kakanni, amma shi Ya'akubu tun yana saurayi ba ya jure ganin jini. Babana, Malam Lawal, ya gwada shi a teburin nama wata uku, ya ga abin ba zai yiwu ba, sai ya saya masa tsohon keke da dutsen washi. Aka haɗa dutsen da sarƙar keken, in ya jingine ya taka feda sai dutsen ya yi ta juyawa. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya yana zagaye daga mayanka zuwa babbar kasuwa ta Grand Marché, yana wasa wuƙaƙen mahauta da almakashin teloli. Daga nan sunan Mai Washi ya kama shi, har yau bai sake shi ba.

A bakin kasuwar akwai wani dattijo ɗan Sudan mai shimfiɗa zobban azurfa a kan jan ƙyalle. Wata rana dutsen wani zobe ya ɓantare masa a gefe, ya miƙa wa Ya'akubu ya ce ko zai iya shafe wurin. Ya'akubu ya ɗora shi kan dutsen washi kamar yadda yake ɗora wuƙa. Dutsen ya yi zafi ya tarwatse. Wani da sai ya ba da haƙuri ya kama gabansa, amma bawan nan nawa taurin kai gare shi. Ya roƙi dattijon ya riƙa ajiye masa duk fasasshen dutsen da ba ya sayuwa. Ya ce da bakinsa sai da ya lalata kusan arba'in kafin ya gane abu biyu: dutse ba ya son zafi, sai ana ɗiga masa ruwa, kuma ba a riƙe shi da yatsa, sai an manna shi a kan ɗan tsinke da danƙo. Sauran kuma dattijon ya koya masa da baki, hannunsa ya ƙarasa.

Yanzu yana da injin lantarki da ƙaramin faifan yanka mai kauri kamar takarda. Amma tsohon keken na nan kafe a kusurwar shago, don wutarmu ba ta da alkawari. In ta ɗauke sai ya koma kan feda ba tare da ya ko tsaki ba.

Kowane fasali ya ba shi suna na kansa. Akwai ƙwai, akwai ɗigon ruwa mai tsini a sama wanda mata ke so a sarƙa, akwai ƙwallon dabino mai tsini biyu, akwai allo mai kusurwa huɗu da shafaffen sama. Akwai kuma mai doro, wanda samansa ke tudu sumul babu kusurwa ko ɗaya. Dokarsa guda ce, kuma ba ya sassauta ta don kowa. In haske na ratsa dutse, sai a yi masa fuskoki da yawa don hasken ya shiga ya dawo. In kuwa dutsen ba ya barin haske ya wuce, kamar shuɗin fairuz ko koren nan da ake kawowa daga arewa, to doro za a yi masa, launinsa ya fito. Na sha ganin masu manyan motoci suna nuna masa hoto a waya suna cewa irin wannan suke so, yana girgiza kai yana cewa dutsenka ba zai ɗauka ba.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne ba ya taɓa dutse sai ya ga hannun mai sa shi. Aike ba ya yi masa. Zai juya tafin mutum, ya dubi gaɓoɓin yatsu, ya tambayi sana'a. Mahauci ba a yi masa mai kusurwa, kitse zai maƙale. Tela ba a yi masa mai tsini, zai ja zare. Wanda ke yini a kan babur ana yi masa gajeren doro don kada ya buge. Na taɓa ce masa, “Kai boka ne da kake duba hannu?” Ya ce, “Boka ƙarya yake gani a hannu, ni aiki nake gani.”

To, bara waccan Allah ya yi wa Baba rasuwa. Mu uku ya bari, don Inna ta riga shi: Yaya Harun wanda ya gaji teburin nama, da ni Zuleha, da autanmu Alamin mai aikin ofis. Gida da shanu aka raba cikin yini ɗaya ba wanda ya ɗaga murya. Abin da ya gagara shi ne zobe.

Zoben azurfa ne mai jan dutsen aƙiƙ, fasalin ƙwai, tsawonsa kamar gaɓar babban yatsa. Baba ya sayo shi a hanyar Makka tun kafin a haifi Alamin, kuma shekara arba'in da wani abu bai fita daga hannunsa na dama ba. Mahauci da yashi da toka yake wanke hannu, don haka saman dutsen ya daɗe da dusashewa, ƙyallin ya tafi. A tsakiyar doron akwai wata 'yar tsaga da bakin wuƙa ya taɓa yi masa. Baba yakan juya dutsen ya koma cikin tafi, ya riƙa shafa wurin da babban yatsa in yana tunani ko yana sauraren mutum. Shekara huɗun ƙarshe da jikinsa ya yi rauni, gidana da ke unguwar Atrone aka kawo shi. Ni ke zuba masa ruwan alwala, ni ke motsa zoben don ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, sau biyar kullum. Na san wurin nan da yatsana kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Ba na son komai a duniya kamar dutsen ya zauna yadda Baba ya bar shi, kuma ya zauna a wurina.

Malamin da ya raba gadon ya ce mafi sauƙi a yi wa zoben ƙima, mutum ɗaya ya ɗauka. Kowa ya yarda, kuma kowa ya ce shi ne mutum ɗayan. Yaya Harun ya ce shi ne babba kuma shi ke kan sana'ar. Alamin ya ce shi ne bai more Baba ba. Ni na ce lokacin da ake ɗaga tsoho ana kwantarwa ban ga babba ba, ban ga auta ba. Na san maganar ta yi zafi, kuma ban janye ta ba. Wata biyar muka yi sai gaisuwar waya, ita ma a taƙaice. Yaya Harun da ke zuwa gidana kowace Juma'a ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Ƙarshe shi ne ya kawo shawarar da ɗan mahauci kaɗai zai iya kawowa. Ya ce abin da ba a yarda mutum ɗaya ya ɗauka ba, ai yanka shi ake yi. Sa ma guda ne, amma ana yin watandarsa kowa ya tafi da kasonsa. A raba dutsen kaso biyar bisa shari'a, shi biyu, Alamin biyu, ni ɗaya. Alamin da ya yi boko, wanda na zaci zai ga wautar abin, sai ya ce wannan shi ne adalci. Na yi kuka, na yi faɗa, malam ya ce in duka mun amince ba laifi, in ba mu amince ba zoben zai ci gaba da zama a akwatinsa. Na ga dai ba zan samu duka ba, sai na amince, aka sa ranar da za a kai wa Ya'akubu.

Tun kafin ranar na hau kilando, babur ɗin haya, na tafi Klémat ni kaɗai. Na tarar da Ya'akubu yana goge wani koren dutse a kan fata.

“Bawana, in sun kawo maka zoben Baba ka ce ba zai yanku ba.”

Bai ɗago ba. “Zai yanku mana.”

“Ka ce zai fashe.”

“A hannuna? Haba 'yar kawu. Shekara ashirin da shida rabon da dutse ya fashe mini. Kina so in yi ƙarya a kan zoben kawuna, kuma in ɓata sunana a bisa?”

“To kai ma bakinku ɗaya ke nan.”

“Bakina ɗaya da dutse. Zauna ki sha shayi.”

Ban sha ba. Na faɗa masa cewa keken da ya fara cin abinci da shi ma Baba ne ya saya, na ce Allah ya isa tsakanina da mai mantuwa. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, “Miƙo hannunki.” Don haushi na miƙa masa kamar zan mare shi. Ya juya shi, ya dubi tabon mai a bayan yatsuna, don dambun nama nake yi na sayarwa. Ya ce, “Kalas, shi ke nan, na gani. Ki gaida gida.” Na fito ina jin da ma ban zo ba.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu mu uku a shagon, kowa yana kallon wani gefe. Ya'akubu ya sa maƙerin azurfan da ke maƙwabtaka da shi ya buɗe azurfar a hankali ya fitar da dutsen. Ya wanke shi, ya jiƙa shi da ruwa, ya fita bakin ƙofa ya ɗaga shi saitin rana. Ya daɗe yana juya shi. Ya ce yana neman jijiya ne, don dutse ma yana da hanyar da yake bi kamar tsoka, in ka saɓa mata sai ya yi maka gardama. Yaya Harun ya gyaɗa kai, wannan karatun ya gane shi.

“Lafiyarsa lau,” in ji Ya'akubu. “Zai ba da uku. Amma ku sani faifai yana da nasa rabon, abin da ya ci ya zama gari. In an zo gyaran fasali kuma kowa zai ƙara raguwa.”

“Mun ji,” in ji Yaya Harun. “A dai sa a sikeli.”

Daga nan ya kama hannun Yaya Harun. Ya ce masa doro gajere, zagayayye, don aikin nama. Ya tambaye shi, “A goge ya yi ƙyalli, ko a bar shi?”

“A goge mana. Ya dawo sabo kamar ranar da Baba ya sayo shi.”

Alamin tuni ya fito da waya. Ya nuna hoton wani dutse mai fuskoki fiye da hamsin yana walƙiya. Ya'akubu ya dubi hoton, ya dubi ƙanen nawa.

“Wannan haske ke wucewa ta cikinsa, Alamin. Aƙiƙin Kawu hasken gefe kawai yake sha. In na yi masa fuskokin nan zai zama kamar ɓallin kwalba, kuma rabinsa zai tafi a ƙasa. Kai mai riƙe biro ne, allo zan yi maka, in karya masa gefe huɗu. Zai zauna a hannunka kamar hatimi.”

Alamin ya ɗan yi musu da Faransancinsa, Ya'akubu ya amsa masa da Larabci cewa in yana son wancan ya je ya sayi gilashi. Ƙarshe ya yarda, da sharaɗin shi ma a goge nasa ya riƙa ɗaukar ido. Ni ba wanda ya tambaye ni komai, kuma da an tambaye ni da ba daɗi za a ji ba.

Ya'akubu ya manna dutsen a kan katako da danƙo, ya ja layi biyu da tsinin ƙusa, ya buɗe ɗigon ruwa daga gwangwanin da ke rataye. Wuta ta ɗauke kafin ya fara. Ya ce ya fi masa, feda ta fi jin magana. Ya mayar da faifan kan keken ya hau. Ƙarar da faifan ya yi sa'ad da ya taɓa dutsen, har cikin haƙorana na ji ta. Ruwan da ke gangarowa ya koma ja-ja. Na rufe fuska da mayafi, na ji kamar yanzu ne ake binne Baba. Ina jin numfashin Yaya Harun kusa da ni, shi ma ba daidai yake fita ba, amma ba wanda ya ce a tsaya.

Wajen awa ɗaya da rabi aka yi. Bai dubi kowa ba, ƙafarsa kawai ke aiki. Da ya gama ya jera guda uku a kan farin ƙyalle: manya biyu daga kai da gindi, da siririn yanki daga tsakaninsu. Aka ɗauko sikelin maƙeri. Manyan suka yi kunnen doki, ƙaramin ya zo rabin kowannensu, ko ƙwayar gero bai ƙaru ba. Yaya Harun ya ɗauki ɗaya ya auna a tafinsa yadda yake auna tsoka, ya ce, “Sameh, da kyau. Aiki ya yi.” Ni ko kallon nawa ban yi ba. Na tashi na fita.

Bayan kwana tara Ya'akubu ya yi waya ya ce kowa ya zo ya karɓa. Na ƙi zuwa ranar da ya sa, sai washegari, don kada in haɗu da su. Ya nuna mini hoton nasu a wayarsa. Gaskiya sun yi kyau, ban iya ƙaryatawa ba. Na Yaya Harun ja wur kamar ɗigon jini, na Alamin kamar wanda aka sayo daga kanti. Amma duk wanda ya san zoben Baba ba zai ce daga jikinsa suka fito ba. Kai da gindin ƙwai ba sa zama a zobe sai an sassaƙe su ta ko'ina, an kuma goge su kamar yadda masu su suka nema.

Sannan ya buɗe wata 'yar takarda ya tura mini. Siririn zobe ne na azurfa, dutsen kwance a kansa kamar ƙwayar shinkafa mai ƙiba. Azurfar ta kewaye gefensa ruf, babu ƙugiya, don kada nama ya maƙale. Gefunan da faifai ya yanka sun ɓuya a ciki. Saman kuwa dusasshe ne, babu ƙyalli ko kaɗan.

Bakina ya riga idona. “Wato ni ce ban isa a goge mini nawa ba? Ka gaji ne da ka zo kaina?”

“Sa yatsa, uwar faɗa.”

Na sa babban yatsana. Tsagar nan tana nan, daidai tsakiya. Santsin nan da yashi da toka da yatsan Baba suka yi shekara arba'in suna yi, yana nan yadda na bar shi ranar alwalarsa ta ƙarshe. Tsakiyar doron ce ya yanko mini, bai bar faifai ko fata sun taɓa samanta ba. Na zauna a kan bencinsa.

Na ɗago na ce, “Da gangan ka yi.”

“Ni komai da gangan nake yi.” Ya ɗauki wani dutse ya fara manna shi a tsinke. “Shari'a ta ce a ba ki ɗaya cikin biyar. Ba ta ce daga wane gefe ba. Su na tambaye su, sun ce a goge. Ke kuma na san abin da kika zo nema tun ranar da kika yi mini Allah ya isa.”

“Na janye.”

“A'a, bar ta nan, za ki buƙace ta wani satin.”

Na yi dariya hawaye na zuba, shi kuma ya ci gaba da aikinsa kamar ba abin da ya faru. Haka yake. Bai taɓa shakkar hannunsa ba, kuma bai taɓa jiran a yaba masa ba.

Ban faɗa wa kowa ba, amma labari ba ya zama a gidanmu. Juma'a ta biyu bayan nan, da la'asar, ina tsakar gida ina dakan nama sai na ji sallama. Yaya Harun ne, da ledar hanta a hannu. Ya zauna a kan tabarma, muka gaisa a ɗarare, ya tambayi yara, ya yi maganar tsadar shanu. Sabon zobensa na ta ɗaukar ido a yatsansa. Na lura ya juya dutsen cikin tafi yana shafa shi da babban yatsa, sai ya daina, sai ya sake, kamar mai laluben abu a aljihun da babu komai. Tausayinsa ya kama ni, duk da ban so ba.

Can ya yi gyaran murya, idonsa a ƙasa.

“Zuleha, an ce wai naki... wurin nan na Baba yana jiki.”

“Yana nan, Yaya.”

Mutumin da ke kayar da sa shi kaɗai, sai ga shi yana roƙo ƙasa-ƙasa.

“Ba ni in taɓa.”

Na ajiye taɓarya, na goge hannuna da gefen zane, na matsa kusa da shi. Ban cire zoben ba. Hannun na miƙa masa gaba ɗaya, ya riƙe shi da nasa biyu, ya ɗora yatsa a kan tsagar. Har aka kira magariba bai sake ni ba.